Kebul ɗin USB mai tsada ko na daidai kuɗi: wanne ne zai gyara maka sauti?

Abin ya faro ne daga wata gardama da muka yi a ɗakin aikina ranar wata Asabar, ni da wani abokina da muke harkar ɗaukar sauti tare tun zamanin da ake ƙona waƙa a faifan CD. Ya shigo da ɗan kwali yana wani riƙe shi kamar ƙwai, ya ce mutumina yau kunnenka zai ji abin da bai taɓa ji ba. Na buɗe na ga kebul ɗin USB ne, mita ɗaya, an lulluɓe shi da baƙar saƙa mai sheƙi, bakinsa ruwan zinare, wai wani ɗan'uwansa ne ya taho masa da shi daga Dubai kuma kuɗinsa ya kusa kamo kuɗin saund kad ɗin da za a jona shi a jiki, wato akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta ya kuma fitar da shi. Muka zare nawa muka sa nasa, ya kunna waƙa, ya lumshe ido yana gyaɗa kai ya ce ka ji yadda bes ya zauna? Kuma tsakani da Allah ni ma a lokacin sai na ji kamar ya zauna ɗin. Wannan ne ya sa na ƙi barin maganar ta wuce haka nan, domin idan gaskiya ne to shekara da shekaru ina cutar kaina da kebul ɗin firinta, idan kuma ba gaskiya ba ne gara mu sani kafin yaran da ke koyon aiki a wajenmu su fara tara kuɗi saboda shi.

Kebul ɗin da za ka iya saya kala uku ne. Akwai na bakin titi, wanda ake rataye su dami dami a kasuwar waya, siriri, mara nauyi, babu ko rubutu a jikinsa. Akwai na daidai kuɗi, irin wanda yake zuwa a cikin kwalin saund kad na Focusrite ko Behringer, ko na kamfanoni irin su Anker, Ugreen da Belkin. Sai kuma na masu son sauti na ƙarshe, irin na AudioQuest da suke da jeri tun daga Forest, Cinnamon, Carbon har zuwa Diamond, da na Nordost, waɗanda ake sayar da manyansu ɗaruruwan dala, wasu ma sun haura dala dubu a kan mita ɗaya. Abin da na gano a taƙaice shi ne tazarar da ke tsakanin na farko da na biyu babba ce kuma za ta iya ɓata maka aiki, amma tsakanin na biyu da na uku ni dai ban sami abin kamawa ba. Bari in yi bayani don kar a ce son rai ne.

Da farko mene ne ma yake bi ta cikin kebul ɗin nan? Ba sauti ba ne. Wannan shi ne abin da yake rikita mutane, domin mun saba da wayar lasifika da wayar makirfo inda sautin kansa ne yake tafiya a matsayin wutar da ke hawa da sauka, duk abin da ya taɓa wutar ya taɓa sautin. A USB lambobi ne suke tafiya, sifili da ɗaya, a ɗaure cikin ƙulli ƙulli, sai sun isa cikin saund kad ko DAC (na'urar sauraro da ake jonawa da kwamfuta) sannan wani ɗan guntun lantarki a ciki ya mayar da su sauti. Kamar lambar katin waya ce, ko a takarda mai ƙyalli aka rubuta ta ko a bayan kwalin sigari, in dai ka karanta daidai kuɗin da zai shigo maka ɗaya ne, in ka kuskure lamba ɗaya kuma katin ba zai shiga ba, babu wani wai ya shiga amma kiran zai fi daɗi. To haka nan babu wata hanya da kebul zai bi ya zaɓi lambobin da suka shafi bes ya ƙara musu kauri ya bar na murya, shi bai ma san waƙa ce yake ɗauke da ita ba ko takardar da za a buga a firinta.

Sai maganar gudu, wadda ita ce masu shago suka fi riƙewa, oga wannan ya fi sauri. USB 2.0 da ya fito tun shekarar 2000 yana ɗaukar megabit 480 a daƙiƙa. Sautin CD, wato 44.1 kHz a 16 bit bangare biyu, megabit 1.4 ne kacal, ko kashi 1 cikin 100 na hanyar bai ci ba. Ko ka hau can sama 192 kHz a 24 bit, megabit 9.2 ne, kusan kashi 2 cikin 100. Tirela ce guda aka ɗora mata buhun gero ɗaya. Shi ya sa har yau yawancin saund kad na situdiyo USB 2.0 ne a ciki ko da bakinsu USB-C ne, Scarlett 2i2 na Focusrite ma haka yake, don haka sayen kebul mai gigabit 10 ko 40 saboda shi asarar kuɗi ce kawai.

Amma fa masu sayen kebul mai tsada ba mahaukata ba ne, suna da hujjoji, kuma wasu daga ciki suna da tushe. Ta farko suna cewa ai sauti a USB ba kamar kwafin fayil ba ne. Wannan gaskiya ne. Idan kana tura fayil zuwa filash, ƙullin da ya lalace a hanya kwamfuta za ta sake turo shi har sai ya shiga daidai. Shi kuwa sauti ana tura shi ne ta tsarin da ba ya jira, lokaci ne a gabansa, a USB mai sauri sau 8,000 a daƙiƙa ake raba zangon turawar, akwai lambar tantancewa da ke nuna ƙulli ya lalace amma ba a sake turo shi, ya wuce ya wuce. To amma me kake ji idan hakan ta faru? Ƙas! Ko tsit na ƙiftawar ido, ko wani ɗan tartsatsi kamar an taka busasshen ganye. Duk wanda ya taɓa aiki da kebul mai matsala ya san wannan ƙarar, ba ta ɓuya, ba sai ka lumshe ido ka nutsu za ka ji ta ba. Kuskuren lamba ba ya zuwa a siffar murya ta ɗan ja baya ko kiɗa ya rage faɗi. Idan ka saurari awa guda babu ƙas ko ɗaya to lambobinka suna isa lafiya, kebul na dala 500 ba shi da sauran abin da zai gyara a nan.

Hujja ta biyu ita ce jita (jitter a Turance, ba jitar kiɗa ba), wato rawar lokaci, lambobin sun zo daidai amma ba a kan ƙa'idar lokaci ba. Wannan ma a da matsala ce ta gaske. Na'urorin farko na USB suna bin agogon kwamfuta ne, suna ta ƙoƙarin daidaita nasu da yadda ƙullin ke isowa, don haka duk wata rawa a hanya tana iya shafar fitar sautin. Daga baya aka koma tsarin da DAC ɗin ne yake riƙe da nasa agogon, yana tara lambobin a wani ɗan rumbu a cikinsa yana ɗiba a kan lokacinsa, shi ne ma yake gaya wa kwamfuta ƙaro ko rage. Gordon Rankin na kamfanin Wavelength Audio a Amurka yana cikin waɗanda suka fara yaɗa wannan tsari, Ayre QB-9 na 2009 da AudioQuest DragonFly na 2012 duk da fasaharsa suka fito, yanzu kuwa abin ya zama gama gari, guntayen XMOS da ke cikin ɗimbin DAC na yau haka suke aiki. Kamar tankin ruwa ne a saman gida, ko famfon gwamnati yana zuwa da ƙarfi yana rage ƙarfi, kai a banɗaki ruwanka a daidai yake zubowa muddin tankin bai ƙafe ba. Idan na'urarka ta shekarun nan ce maganar jita daga kebul ta riga ta mutu.

Hujja ta uku ita ce wadda ni na fi ɗauka da muhimmanci, kuma a nan ne mu da muke fama da NEPA da janareto da inbata abin ya fi shafa. Kebul ɗin USB 2.0 waya huɗu ne a ciki, biyu na bayanai a murɗe da juna, ɗaya ta wuta mai bolt 5, ɗaya ta ƙasa, sai rigar ƙarfe da ta lulluɓe su. Waɗancan biyun na ƙarshe, wuta da ƙasa, su ba ruwansu da sifili da ɗaya, wuta ce zalla, kuma duk dattin da ke cikin wutar kwamfutarka zai iya bi ta nan ya shiga saund kad. Wannan shi ne abin da kake ji idan ka ƙure lasifika babu kiɗa, wani ziiii da yake canzawa idan ka motsa maus ko ka ja shafi a allo, ko gurnanin huuum na 50 Hz irin na wutar gidajenmu. Tambayar ita ce shin kebul mai tsada yana maganin wannan? Yawanci a'a, domin komai tsadarsa wayar ƙasan nan tana nan a jone daga wannan baki zuwa wancan, dole ce, in babu ita USB ɗin ba zai yi aiki yadda ya kamata ba. Hanyar da dattin ke bi tana nan, ka dai shimfiɗa mata kwalta ne kawai.

Gwajin wannan ba ya cin ko sisi. Idan laftof ce zare cajar ka bar ta a kan batir. In ƙarar ta ɗauke nan take to ka kama ɓarawon, zagayen wayar ƙasa ne tsakanin cajar da lasifikanka, ko kuma cajar ce irin ta jabu mai zubar da datti. Maganinsa ka jona kwamfuta da lasifika da komai a soket ɗaya, ka yi amfani da wayar XLR mai ƙafa uku irin ta makirfo ko babban jak mai zobe biyu tsakanin saund kad da lasifika maimakon RCA ko mai zobe ɗaya, ka nemi caja ta asali. Don Allah kar ka bi shawarar masu cewa ka karye ƙafa ta uku ta filogi, ƙarar tana iya tafiya amma ranar da wuta ta zubo a jikin ƙarfe kai ne za ka zama hanyarta, musamman da makirfo a bakinka. Idan duk an yi wannan ƙarar ba ta tafi ba akwai wata 'yar na'ura da ake sawa a tsakiya mai raba wutar kwamfuta da ta saund kad gaba ɗaya, aisoleta ake ce mata, ita ce take yin aikin da ake jingina wa kebul mai tsada. Sai dai a kula, masu arha da suka cika AliExpress yawanci guntun ADuM3160 ko ADuM4160 ne a cikinsu, iyakarsu megabit 12, ƙaramin DAC mai tsayawa a 96 kHz zai yi aiki da su amma saund kad mai buƙatar 480 ba zai yi aiki yadda ya kamata da su ba, kuma wutar da suke bayarwa kaɗan ce. Masu ɗaukar 480 akwai su, irin na Intona da na Topping, sun fi tsada amma har yanzu ba su kai kuɗin wasu kebul ɗin ba. In kuma na'urarka tana da ramin optikal kuma sauraro kawai kake yi, wannan haske ne yake bi ta ciki, babu ƙarfe ballantana datti ya bi.

Yanzu bari in koma kan na bakin titi, don kar wani ya karanta rabi ya ce ai malam ya ce duk kebul ɗaya ne. Ban ce ba. Ni kaina na sha wuya a hannunsa. Akwai lokacin da na sauya wa teburina wuri, kebul ɗina bai kai ba, na aiki yaro kasuwa ya samo min mai mita 3, siriri kamar taliya. Sauraro lafiya lau, amma da zarar na danna maɓallin 48V don makirfon kondensa sai fitilun saund kad su yi ƙif su dawo, manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ta ce na'ura ta ɓace, ga mai waƙar biki a tsaye a gaban makirfo da hedfon a kunne yana jirana, ango kuma yana ta kira. Na sake direba, wato manhajar da ke haɗa na'urar da kwamfuta, na zargi Windows, har na fara tunanin saund kad ɗin ne ya tashi aiki, kwana biyu ina wannan wahalar kafin na mayar da tsohon gajeren kebul ɗin komai ya dawo daidai. Lissafin a fili yake da na zauna na yi shi. Ramin USB 2.0 miliamfiya 500 yake bayarwa a bolt 5. Siririyar waya mai lamba 28 AWG (ma'aunin kaurin waya ne, in lambar ta ƙaru wayar ta ƙara sirancewa) tana da turjiyar kusan om 0.21 a kowace mita, mita 3 zuwa da dawowa mita 6 ke nan, idan na'ura ta ja wutar duka sai ka yi asarar sama da rabin bolt a hanya, abin da zai isa ya koma wajen 4.4, daidai bakin gaɓar da na'ura ke fara shure shure. Mai kauri 24 AWG a mita ɗaya kuwa asararsa ba ta kai kashi 1 cikin 10 na bolt ba. Kuma wannan idan jan ƙarfe ne na gaske ke nan, wasu na kasuwa alminiyam ne ko baƙin ƙarfe aka yi wa fenti da jan ƙarfe, wani in ka kanga maganaɗisu a tsakiyarsa sai ka ji yana kamawa. Wasu babu rigar ƙarfen kwata kwata, wannan yana iya sa idan kira ya kusa shigowa wayar salula ka ji dit dit dit dirrr a lasifika tun kafin ta yi ƙara, wasu kuma na caji ne zalla, wayoyin bayanai biyun ma babu su a ciki.

A ɓangaren USB-C ma sai an yi hattara, don shi kebul mara kyau ba sauti kaɗai yake ɓatawa ba. Wani injiniyan Google mai suna Benson Leung ya yi suna wajen sayen kebul a Amazon yana gwada su tun 2015, ya tarar da yawa ba su bi ƙa'ida ba, a 2016 wani da aka haɗa wayoyinsa a juye ya ƙona masa laftof ɗinsa Chromebook Pixel. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ka sayi na kamfanin da aka sani.

To ina labarin bes ɗin da ya zauna? Mako na gaba na ce wa mutumin nawa ya dawo da kayansa. Muka sa ƙanina a bayan tebur da kwabo a hannu, in ya jefa ya faɗi kai ya sa mai tsada, in ya faɗi ɗaya gefen ya sa na firinta, ya rubuta a takarda ba tare da ya yi magana ba, kuma ko kebul ɗin bai canza ba sai ya zare ya mayar don kar mu gane daga jinkirin. Muka juya baya, ba wanda ya taɓa maɓallin ƙara, waƙa ɗaya, wuri ɗaya a cikinta. Sau 10 muka yi. Shi ya dace 6, ni 4, wato abin da kwabon kansa zai iya ci in aka ce ya yi hasashe. A irin wannan gwajin sai mutum ya kai 9 cikin 10 sannan za a fara cewa da gaske yana jin wani abu. Abin da ya fi ba ni dariya akwai zagayen da ya buga cinya ya ce wannan ko a mafarki na san nawa ne, aka duba takarda na firinta ne. Ba ƙarya yake yi ba kuma ni ma ranar farko ba ƙarya na yi ba, kunne da ido da aljihu tare suke sauraro, in ka san ka kashe kuɗi sai ka nutsu ka kasa kunne fiye da kullum, sai ka ji abubuwan da dama suna cikin waƙar ba ka taɓa lura da su ba. Masu auna kaya da na'ura irin su Amir Majidimehr na Audio Science Review, da wani mai rubutu da sunan Archimago da ya gwada kebul kala kala tun 2013, abin da suke samu ke nan, in dai DAC ɗin mai kyau ne abin da yake fitowa daga bayansa bai damu da wane kebul aka sa ba. Inda ake ganin ɗan bambanci yawanci na'urar ce ba a tsara ta da kyau ba, tana barin dattin USB ya shiga ɓangaren sauti, nan kuma na'urar ce abin canzawa.

Wani abu kuma da nake gani kullum, mutum yana jin ƙas ƙas sai ya ɗora wa kebul laifi alhali kwamfutar ce ta gaji. Kafin ka fita kasuwa ka ɗaga bafa, wato ɗan rumbun da manhajarka ke tara sauti kafin ta fitar da shi, daga 128 zuwa 256 ko 512, ka tabbatar direban ASIO na kamfanin na'urar kake amfani da shi, ka sa Windows a tsarin wuta mai ƙarfi ka kashe abin nan da yake sa ramin USB barci, ka cire saund kad daga hob ɗin nan mai raba ramin USB ɗaya gida gida da ka cusa wa filash da maus da kibod ka ba shi raminsa shi kaɗai, in kwamfutar tebur ce ka yi amfani da ramukan baya. Akwai wata manhaja kyauta LatencyMon da za ta nuna maka direban da yake riƙe kwamfutar, sau da yawa na Wi-Fi ne ko na katin hoto.

Don haka in ni ne kai ga yadda zan yi. Idan kebul ɗin da ya zo a kwali yana nan kuma babu ƙas babu yankewa, bar shi, kar ka taɓa. Idan ya ɓace ko ya karye ka je ka ce a ba ka kebul ɗin firinta mai kauri in bakin na'urarka irin mai kusurwa huɗun nan ne, ko USB-C na bayanai daga kamfanin da aka sani, mita 1 zuwa 2, ka duba jikinsa ko an rubuta 24AWG a wayoyin wuta, in da ɗan kumburin nan a kusa da baki ma ba laifi yana rage tsangwamar rediyo, ka jijjiga bakin a cikin rami ka ji ya kama gam. Kar ka wuce mita 5, nan ne iyakar ƙa'idar USB 2.0, kuma kar ka yi jone jone, in nisa ne matsalar gara ka kawo saund kad kusa da kwamfuta ka tsawaita wayar XLR, ita tana jure nisa. Mai tsadan kuwa in kana da hali kuma kyansa ne ya burge ka ko ƙarfin saƙarsa, kuɗinka ne, zai yi aiki lafiya kamar na daidai kuɗin. Amma in kuɗin ƙalilan ne kuma sauti kake so ya canza da gaske, ka ɗaga lasifikanka su daidaita da kunnenka, ka janye su daga lungun bango, ka sa katifa ko labule mai kauri a inda ɗakin yake amsa kuwwa, ka canza kumfar hedfon da ta mutu, ka tara sauran don makirfo ko lasifika mafi kyau, waɗannan ko ƙanina da ke bayan tebur zai ji bambancinsu ba sai an jefa kwabo ba.

Shi dai abokin nawa har yanzu yana amfani da nasa, ya ce ko ba komai ɓera bai iya cin saƙar ba, wanda kuma gaskiya ne don nawa sau biyu ina canzawa saboda su.